Clairvaux: yaya aka yi gidan zuhudu ya koma gidan kaso?

Mushe Laouali, Yantala

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya gare ni ga masana tarihi da masu sanin gini. A 2023 gwamnatin Faransa ta rufe gidan kason Clairvaux, wanda asalinsa gidan zuhudu ne na Kiristoci tun shekara 900 da suka wuce. Ina shirya wa ɗalibai darasi kan juyin juya halin 1789, kuma ina so in kawo wannan gida a matsayin misali. Me ya sa gwamnati ta ɗauki wurin ibada ta zuba ƴan kaso a ciki maimakon ta gina nata? Kuma a aikace, me ake sakewa a irin wannan gini kafin ya riƙe mutanen da ba da son ransu suka shigo ba? Allah ya saka da alheri.

Malam Harouna, Tawa

Wa alaikumus salam Mushe. Kuɗi ne ya kawo haka, amma sai an bi abin daga tushe ɗalibai za su gane.

An kafa Clairvaux a 1115. Wani ɗan zuhudu mai suna Bernard ne ya fito daga gidan zuhudun Cîteaux da abokai 12, suka sauka a wani kwari mai daji a gefen kogin Aube, gabas da birnin Troyes. Ɗariƙarsu tana bin dokar Benedict, wadda ta tsara rayuwar ƴan zuhudu, da tsanani: addu'a sau bakwai da rana da ɗaya cikin dare, aikin hannu, ƙarancin magana. Kafin Bernard ya rasu a 1153 mazauna gidan sun kai ɗaruruwa, rassansa sun kai har Ingila da Fotugal da Suwidin. Wanda ya san gidan zuhudun Koubri kusa da Wagadugu ya ga ƙaramin samfurin tsarin: katanga, majami'a, gona, kowa da aikinsa.

Gidan ya tara dukiya, gonaki da daji da lambunan inabi da maƙeru. A ƙarni na 18 shugabanninsa suka rushe mafi yawan tsofaffin gine-gine suka tada sababbi manya kamar fadar sarki, alhali mutanen ciki sai raguwa suke. Lokacin da juyin ya zo ba su kai 50 ba, a fili mai kusan hekta 30 da katanga mai tsawon kusan kilomita 3.

Ranaku biyu ya kamata ɗalibai su riƙe. Ranar 2 ga Nuwamba 1789 majalisa ta mayar da dukiyar majami'a hannun ƙasa. Ranar 13 ga Fabrairu 1790 ta soke alwashin zuhudu, aka watse. An sayar da Clairvaux a 1792, ƴan kasuwa suka kafa masana'antar gilashi da ta takarda a ciki, abin bai yi riba ba. A 1808 gwamnatin Napoleon ta saye shi.

Me za ta yi da shi? Nan ne doka ta shigo. Kafin 1789 kaso galibi wurin ajiya ne, na mai jiran shari'a ko wanda bashi ya ci. Hukuncin kansa bulala ne, ko tambarin ƙarfe mai zafi a kafaɗa, ko aikin dole a tashoshin jiragen ruwa, ko kora daga ƙasa, ko rataya. Kundin laifuka na 1791, sannan na 1810, suka mayar da ɗauri babban hukunci. Dare ɗaya gwamnati ta sami kanta da dubban mutanen da alƙalai suka yanke wa shekaru, ga baitulmali yana tafiya a yaƙi. Ƙari a kan haka, dokar 5 ga Yuli 1808 ta hana bara, ta ce a tattara mabarata a tsare. Clairvaux ya fara da karɓar mabarata, sannan ya zama babban gidan kaso na masu dogon ɗauri.

Ba shi kaɗai ba ne. An yanke wa Fontevraud irin wannan makoma a 1804, ƴan kason farko suka shiga a 1814. Haka Eysses da Loos da Mont-Saint-Michel, sannan Auberive a 1856 don mata. Jami'in da aka turo ya duba irin waɗannan gidaje zai ga katanga a tsaye, ƙofa ɗaya, ɗakin kwana na jama'a, ɗakin cin abinci, madafa, ruwa, kuma nesa da gari. A takarda an gama rabin aiki. Araha dai ba ta ado.

Injiniya Sani, Wadata

Malam Harouna ya share fage. Ni zan tsaya kan ginin, don nan ne lissafin ya karye.

Katangar gidan zuhudu an yi ta ne don ta hana na waje shiga. Ba wanda ya damu da ko akwai rumbu ko bishiya ko rufin barga da ya jingina da ita daga ciki. Aikin farko shi ne a share duk abin da za a taka a hau, a tada katanga ta biyu daga ciki, a bar lungu tsakaninsu inda masu gadi ke zagayawa dare da rana. Ƙofa kuma a mayar da ita biyu a jere, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Tagogi a dasa musu sandunan ƙarfe a cikin dutse, na ƙasa a toshe rabinsu da bulo. Duk wannan mai sauƙi ne, kuma ya yi aiki.

Wahalar ta fara ne daga wurin kwanciya. Ɗakunan ƙarni na 18 dogaye ne sama, to sai aka ce ga fili a banza. Aka huda bango, aka cusa gungumen katako, aka shimfiɗa dabe, hawa ɗaya ya zama biyu. Haka aka yi wa babban ginin Clairvaux mai kewaye da tsakar gida. A Fontevraud abin ya fi muni: cikin majami'ar kanta aka jera hawa 5 na ɗakunan kwana da wuraren aiki, aka fasa ƙubbobin rufinta don a sami wuri. Sai a farkon ƙarni na 20 aka cire daben aka sake gina su.

Ga abin da wannan ke haifarwa. Ɗauki ɗaki mai tsayin mita 6. Ka raba shi biyu, ka cire kaurin dabe, kowane hawa bai kai mita 3 ba. Yawan iskar da ke cikin ginin bai ƙaru ba, amma masu shaƙarta sun ninka. Taga guda da aka yi wa dogon ɗaki, daben ya yanke ta a tsakiya: hawan ƙasa ya sami rabin da aka toshe, hawan sama ya sami taga a daidai ƙafa. Iska mai zafi da numfashi sama suke tafiya, in babu mafita kusa da rufi sai su tsaya. Da sanyin hunturu kuma ana rufe komai. Tururin numfashin mutum 100 ya sauka kan dutse mai sanyi ya zama raɓa, katifun ciyawa su jiƙe, tarin fuka ya sami gida. Kan gungumen da aka cusa cikin bango mai laima shi ke fara ruɓewa, kuma ba a ganinsa sai dabe ya fara lotsawa.

Sai wuta. Daben katako, katifar ciyawa, fitilar mai, ƙofa a kulle. A 1834 gobara ta tashi a Mont-Saint-Michel, inda aka mayar da cikin majami'a wurin saƙa hulunan ciyawa, ta ci rufin.

Ruwa ya danganta da gida. Ƴan Clairvaux tun ƙarni na 12 sun karkato reshen kogin Aube ya ratsa gidan, ya juya dutsen niƙa, ya bi ta majema, ya wanke makewayi ya fita. Tsari ne mai kyau. Amma mutumin da aka kulle daga faɗuwar rana zuwa asuba ba ya isa makewayin, sai bokitin da aka ajiye a ɗaki, a kwashe da safe. Mont-Saint-Michel kuwa dutse ne a tsakiyar teku, ruwan sama da aka tara a tafkunan dutse ake sha. Kayan abinci ma sai an jawo su sama: wajen 1820 aka kafa wata ƙatuwar ƙafar katako mai juyawa irin ta amalanke, ƴan kaso su shiga cikinta su yi ta tafiya, igiya ta naɗe ta jawo kaya a kan gangaren dutsen. Tana nan har yau.

Abu na ƙarshe da ba ya gyaruwa shi ne gani. Gidan kason da aka zana tun farko, mai gadi ɗaya a tsakiya yana hango layuka da yawa. Gidan zuhudu kuwa cike yake da kwana, matakala a ɓoye, ginshiƙai masu kauri, ɗaki cikin ɗaki. Kowane lungu sai an sa masa mutum, kuma ba a taɓa ɗaukar isassu ba.

Mushe, in kana son ɗalibai su yi lissafi da kansu, ba su ma'aunin hukumar Croix-Rouge ta duniya na yau: mita murabba'i 3.4 ga kowane mutum a ɗakin tarayya, 5.4 a ɗakin mutum ɗaya, ruwa lita 10 zuwa 15 a rana a ƙalla, makewayi ɗaya ga mutum 25, faɗin tagogi kashi 10 cikin 100 na faɗin ɗaki. Fontevraud a wasu shekaru ya riƙe kusan mutum 2,000, wajen ninki biyu na abin da aka shirya masa. Wato lita 20,000 zuwa 30,000 a rana da makewayi 80. Da wannan ma'aunin ake auna kowane gidan kaso, har na Yamai da aka gina a 1947, sai dai a nan zafin watan Afrilu ne abokin gaba, can kuwa sanyi da laima.

Mushe Laouali, Yantala

Na gode Malam, na gode Injiniya. To amma ai Malam Harouna ya ce a zamanin Bernard ɗaruruwan mutane ne ke zaune a gidan nan, ba a ji sun halaka ba. Me ya bambanta?

Hajiya Rabi, Lazaret

Tambayar nan ita ce gaskiyar maganar, Mushe. Injiniya ya ɗora wa dutse da katako laifi mai yawa. A ganina wanda ke riƙe da tukunya ya fi ginin kisa.

Dokar Benedict ta tsara kwanan tarayya daki-daki: kowa da gadonsa, a kwana da tufafi, fitila na ci har safiya, a saka gadajen matasa tsakanin na dattawa. Mutanen sun zaɓi zaman, sun san juna, suna fita gona da rana, abin da suka noma shi suke ci. A tsakiyar ƙarni na 19 kuwa Clairvaux ya riƙe wajen mutum 2,700, cikinsu mata kusan 500 da yara sama da 500. Da dare a kulle ɗaki a kan mutum da yawa, mai gadi yana waje. Wanda ya fi ƙarfi shi ne sarkin ɗakin, yaro da rarrauna su ne abin ci.

Abinci kuma ba gwamnati ke ba da shi ba. Ana ba da gidan kwangila ne ga ɗan kasuwa guda. Gwamnati ta biya shi wani kuɗi ƙayyadadde a kan kowane ɗan kaso a kowace rana, shi kuma ya kawo burodi, miya, tufafi, bargo, itacen ɗumama, magani, har likkafani. A madadin haka ƙarfin ƴan kason nasa ne, ya sa su saƙa da kaɗi, ko ya ba da hayarsu ga masu masana'antu. A Fontevraud an yi maɓallan riga na ɓawon kifin teku, kujeru, safar hannu, barguna na soja. Kwangilar tana zuwa ga wanda ya nemi kuɗi mafi ƙanƙanta. To ribarsa daga ina za ta fito? Daga garin da ya rage wa kyau, naman da bai shiga tukunya ba, bargon da ba a sake ba. Marar lafiya da tsoho asara ne a littafinsa tunda ba sa aiki.

Ladan aikin ma rabawa ake. Dokar 1843 ta ba ɗan kaso kashi 3 ko 4 ko 5 cikin 10 na ladansa gwargwadon nauyin hukuncinsa, ana rage wa wanda ya taɓa shiga. Abin da ya samu a raba biyu, rabi a ajiye masa sai ranar fita, rabi ya sayi ƙarin abinci a kantin gidan, kantin kuma na ɗan kwangilar ne. Wanda rauni ya hana shi cika aikin yini ba shi da kuɗin kanti, rashin kanti ya ƙara masa rauni. Haka ake gangarawa har asibitin gidan.

A 1847 asiri ya tonu a Clairvaux: mutum wajen 700 sun mutu cikin wata 30, kuma bincike ya kai ga ruɓaɓɓen abinci da rashin sutura. An gurfanar da ƴan kwangilar gaban kotu. Ginin da mutanen suka mutu a ciki shi ne dai ginin shekarun baya da na bayansu, abin da ya canza shi ne abin da ke shiga tukunya.

Shiru ma an aro shi. Dokar 10 ga Mayu 1839 ta hana ƴan kason manyan gidaje magana da juna, a wurin aiki da wurin cin abinci da tsakar gida, ta kuma hana taba da giya. Abin da ɗan zuhudu ya ɗauka ibada ya zama laifin da ake kai mutum gaban shugaban gidan a kansa, a yanke masa busasshen burodi ko ɗakin duhu. Daga baya aka ƙara ɗakin horo, inda ake sa mutane zagaye cikin takalmin katako yini guda, su ɗan zauna kan dutse su sake tashi.

Maganin da aka kawo wa matsalar dare shi ne abin da ƴan kaso suka kira akurkin kaji. A cikin tsohon ɗakin kwana aka jera kejin katako da waya, kowanne kimanin mita 1.5 a mita 2, gado ɗaya da bokiti. Mutane da yawa na cewa dokar 5 ga Yuni 1875 ce ta kafa su. Dokar ta tilasta keɓe kowa a ɗakinsa ne a ƙananan gidajen kaso na jihohi, masu jiran shari'a da gajeren ɗauri. Manyan gidaje suka bi sahu da keɓewar dare kawai, ta hanya mafi araha, don ba za a iya yanka ginin zuhudu a fitar da ɗakuna na gaske masu taga ba. Keji ya hana duka da fyaɗe, amma wari da tari da sanyi duk na ratsa waya. Mita murabba'i 3 ne, ku gwada da 5.4 ɗin da Injiniya ya kawo. An kwana a cikinsu a Clairvaux har zuwa wajen 1970.

Ga ɗalibai, sunayen da suka zauna can za su taimaka. Ɗan juyin juya hali Auguste Blanqui ya ɗanɗani Mont-Saint-Michel daga 1840, sannan Clairvaux har 1879. Kropotkin ɗan Rasha ya zauna Clairvaux daga 1883 zuwa 1886. Ƴar juyin juya hali Louise Michel an tsare ta a Auberive kafin a kai ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya a 1873. Sannan a Satumba 1971 ƴan kaso biyu, Buffet da Bontems, suka yi garkuwa da mai gadi da ma'aikaciyar jinya a asibitin Clairvaux, aka kashe mai gadin da ma'aikaciyar duka biyu. An fille kan Buffet da Bontems a Nuwamba 1972, duk da kotu ta amince Bontems bai kashe da hannunsa ba. Lauyansa Robert Badinter shi ne ministan shari'ar da ya kai dokar soke hukuncin kisa a 1981.

Malam Harouna, Tawa

Hajiya ta gama magana kan wannan. Abu ɗaya zan ƙara, don za a gaya maka cewa kaso ne ya ceci waɗannan gine-gine daga rushewa. Rabin gaskiya ce. Cluny, wadda majami'arta mai tsawon mita 187 ta fi kowace girma a Turai kafin a gina ta Saint-Pierre a Roma, an sayar da ita ga masu fasa dutse, abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Fontevraud kuwa da yake gwamnati na buƙatar rufinsa, ta yi ta gyara shi, har gumakan kabarin sarakunan Ingila, Henri na II da matarsa Aliénor da ɗansu Richard, suka tsira a wani lungu na majami'ar. Mont-Saint-Michel an rufe kasonsa a 1863, aka sa shi cikin kayan tarihi a 1874.

Amma a Clairvaux, majami'ar da ta haura mita 100 an rushe ta ne a 1812, bayan gidan ya dawo hannun gwamnati, aka sayar da duwatsunta. Sai ɗakin cin abincin ƴan zuhudu aka mayar wurin addu'ar ƴan kaso. Abin da ya saura daga zamanin farko shi ne ginin ma'aikatan gona na ƙarni na 12, mai tsawon wajen mita 70. Littattafan gidan kuma sun tsira ne don an kwashe su zuwa Troyes tun lokacin juyin, kuma UNESCO ta sa su a kundinta a 2009.

Injiniya Sani, Wadata

Na karɓi gyaran Hajiya kan abinci, amma ku lura da yadda aka ƙare. A 1971 gwamnati da kanta ta bar tsofaffin gine-ginen Clairvaux, ta gina sababbi na siminti masu ɗakin mutum ɗaya a cikin katangar. Fontevraud an rufe shi a 1963, wasu ƴan kaso kaɗan suka zauna suna aikin share wurin har 1985. A 2002 aka miƙa tsohon ɓangaren Clairvaux ga ma'aikatar al'adu, masu yawon buɗe ido na shiga ta wata ƙofa daban, ƴan kaso na bayan bango.

A 2016 ministan shari'a Jean-Jacques Urvoas ya sanar za a rufe, dalilinsa tsufan gine-gine da tsadar gyara da nisan wurin, wanda ke wahalar da iyalai masu ziyara. Mutanen yankin da ma'aikata sun yi zanga-zanga, don ƙauyukan kewaye sun shekara 200 suna cin abinci daga gidan. An kwashe ƴan kason ƙarshe a 2023, shekarar da aka buɗe sabon gidan kaso a Lavau, gefen Troyes.